Annobar Sanyi a Gyadi-Gyadi

Idan ka biyo ta layinmu a Gyadi-Gyadi ka ji wani yana gaya wa mutane cewa da a Jamus aka haife shi da tuni jirgin sama yake ƙerawa, kada ka wahalar da kanka da tambaya, Idris ne. Gyaran fanka da dutsen guga da rediyo yake yi a gindin wata dalbejiya. Ni kuma ina gefensa da robobina ina wankin hula, saboda haka babu wani cika bakinsa da ban ji da ɗuminsa ba. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, mu ma muka bi, domin in ba haka ka kira shi ba, ba ya waiwayowa.

A bazarar da nake ba ku labari, abin da ya tsaya wa Idris a rai shago ne. Mai askin da ke jerin shagunan Alhaji Abdurrahman ya tashi ya koma Unguwa Uku, ya bar ɗaki guda a bakin titi mai ƙofar ƙarfe, jikin kemis ɗin Alhajin. Idris ya daɗe yana shan rana da ruwa a gindin bishiya, tsuntsaye suna yi wa rediyon mutane ado, ga damina tana tafe. Ba shi kaɗai ke so ba, Sani mai shayi ma ya kai gaisuwa. Alhaji ya ce shi ba ruwansa da wanda ya riga wani, zai ba wanda ya ga yana jawo jama'a zuwa layin, don kemis ma ya samu. Sani ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya koma kan butarsa. Idris kuwa ya dawo ya ce in fara neman wanda zan riƙa hira da shi, domin shi ya kusa tashi.

Dabararsa ita ce ya ƙera na'urar auna zafin jiki, ya zauna a ƙofar kemis yana auna mutane kyauta. Duk wanda aka samu da zazzaɓi sai ya juya ya sayi magani, Alhaji ya ji daɗi, shago ya faɗo hannu. Daga cikin wata matacciyar na'urar sanyaya ɗaki da gyaranta ya gagare shi ya zaro wani ɗan abu baƙi, bai fi ƙwayar dawa ba, da wasu siraran wayoyi biyu a gindinsa. Ya ce sunansa tamista. In ya ji zafi sai ya sakar wa lantarki hanya, in ya ji sanyi sai ya matse ta, daga nan ake gane zafin abu. A nan kam bai yi ƙarya ba, na tambayi wasu daga baya. Ya shiga Sabon Gari ya sayo ɗan allo mai nuna lamba, ya haɗa da batir, ya cusa duka a cikin robar sabulun wanka, wayar tamistar tana lilo a waje.

Sai dai a bidiyon waya Idris ya koyi haɗin, kuma mai koyarwar ya yi gargaɗi. Akwai wani ɗan noti a jikin allon da ake murɗawa, kuma dole a gwada na'urar da ma'aunin zafi na gaskiya, a yi ta murɗa notin har lambobinsu su zo ɗaya. Ma'aunin yana nan a kemis ɗin Alhaji, a cikin gilashi, kowa na ganinsa. Na ce ya je ya aro. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce shi ba zai je roƙon abin da ya zo ya yi wa ritaya ba. Ai ko ɗan firamare ya san zafin jikin lafiyayyen mutum talatin da bakwai ne, kuma ga lafiyayyen mutum a zaune. Ya ɗaga riga, ya cusa ƙwayar a hammatarsa, ya sa sukundireba ya yi ta murɗa noti har allon ya nuna talatin da bakwai cif.

Matsalar ita ce lafiyayyen nan zazzaɓin cizon sauro yana cinsa tun kafin ranar. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, leɓɓansa sun bushe, in ka zauna kusa da shi kana jin hucinsa. Na faɗa masa, matarsa Rabi ta faɗa masa har bakinta ya gaji. Ya ce zazzaɓi ciwon ragwaye ne, a danginsu ba a yin sa, kakansa ma da ya rasu da lafiyarsa ya rasu.

Ni ya fara gwadawa. Ƙwayar da ta fito daga hammatarsa ko gogewa bai yi ba ya danna ta a tawa, muka zuba wa allo ido. Talatin da huɗu. Idris ya yi mini irin kallon da ake yi wa ragon da aka gama cinikinsa, ya ce jinina ya yi sanyi, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ke yini da hannu a ruwa. Daga yau in koma wanki da ruwan zafi. Na ce masa in na zuba wa hular mutane ruwan zafi ta tsuke, masu ita za su ɗumama ni da kansu.

Na biyu shi ne Malam Habila, tsohon malamin lissafi ɗan Pankshin, wanda ya yi ritaya yana zaune a Tarauni. Kullum da hantsi yakan zo ya karanta jarida a bencina. Ya yarda a auna shi ne don kawai Idris ya bar shi ya yi karatunsa.

"Baba Habila, talatin da huɗu. Kai ma ka kamu."

"Na kamu da me?"

"Sanyi."

"Idris, a Pankshin aka haife ni. Na san sanyi, tare muka yi makaranta. Wannan da ke gangaro mini a ƙeya gumi ne."

"Ai shi ya sa. Tun daga can ka taho da shi a ƙashi. Gumin nan jiki ne yake kuka."

Malam Habila ya ninke jaridarsa ya ce duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai taɓa haɗuwa da ɗalibin da ke faɗar kuskure da ƙarfin hali irin wannan ba. Idris ya ɗauka yabo ne, ya yi godiya.

Kun dai san mutanenmu da abin kyauta. Idris na dasa teburinsa a ƙofar kemis layi ya miƙe: 'yan adaidaita sahu, masu faskare, teloli, har da wasu ɗalibai masu zuwa asibitin koyarwa da suka tsaya don su sha dariya. Kowa aka auna talatin da huɗu, wani da ɗoriya kaɗan, wani da ragi kaɗan. Da wani mai hankali ne, da ya zargi na'urar. Idris sai ya zargi unguwar. Ya hau kan benci ya sanar da cewa annobar sanyi ta shigo Gyadi-Gyadi a ɓoye, ruwan leda mai ƙanƙara da zoɓo da fanka ne suka kawo ta. Maganinta a kashe fanka, a sa rigar sanyi, a riƙa shan shayi mai citta da kanumfari da masoro safe da yamma. Na ja rigarsa na tuna masa cewa gyaran fanka ne abincinsa. Ya ce mai ceton al'umma ba ya duba cikinsa.

Wasu sun yi dariya sun wuce. Amma lamba ce a kan allo, tana haske, kuma lamba tana da kwarjini. Wani ɗan adaidaita mai suna Samuel, wanda da ma ko kunama ta harbi maƙwabcinsa shi ke jin zugi, ya je ya sayo rigar sanyi ta gwanjo mai hula. Haka ya riƙa ɗaukar fasinja daga Tarauni zuwa Daurawa cikin ranar nan mai narkar da kwalta, gumi na ɗiga daga gemunsa, yana ba fasinja shawara su je a auna su tun da wuri. Su kuwa suna zuwa. Daga teburin Idris kowa sai ya zarce teburin Sani, har sai da Sani ya aro buta ta biyu ya aika kasuwa a ƙaro masa citta. Bai taɓa cewa annobar gaskiya ce ba, bai kuma taɓa cewa ƙarya ce ba. In aka tambaye shi sai ya ce shi dai nasa shayi, ya ƙara masoro.

Wadda abin ya ci ita ce Jummai mai zoɓo. Ta zo da kularta a ka cike kamar yadda ta fito da ita, ta dire ta a kan teburin Idris har na'urar ta yi tsalle, ta tambaye shi me ta tsare masa a duniya. Ya ce ba gaba ba ce, kimiyya ce, in ba ta yarda ba a gwada ta. Ta fizge wayar ta cusa ƙarƙashin mayafinta da kanta, tana huci. Ta sha rana, ta sha fushi, allon ya nuna talatin da biyar. Idris ya taya ta murna, ya ce duk layin babu wanda ya kai ta kusa da lafiya, ya ba ta shawara ta ci gaba da fushin domin yana yi mata amfani. Jummai ta ce wannan kam ba sai likita ya rubuta mata ba.

Shi kuwa mai ceton al'umma jikinsa ƙara rikicewa yake. Da Rabi ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi cikin rigar sanyi biyu, yana karkarwa har wayar tamistar tana rawa a hannunsa. Ta ce, "Baban Husaina, don girman Allah ga kemis nan a bayanka, ka juya ka sha magani." Ya ce rigunan riga-kafi ne, mutum ba zai yini cikin masu sanyi bai kare kansa ba, karkarwar kuwa ta tausayin jama'a ce. Ta kwashe kwanonta ta tafi tana cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Alhaji Abdurrahman ya ga taro a ƙofar kemis ɗinsa, amma bai ga ciniki ba, tunda na'urar ba ta taɓa samun mai zazzaɓi ko ɗaya ba. Ya aiko cewa ranar Juma'a bayan la'asar zai zo da mai unguwa ya gani da idonsa, a nan kuma zai yanke maganar shago. Idris ya ba ni hularsa na wanke masa, ya sa aka share gaban shagon, har ya auna ƙofar da taku ya ce a nan zai rataya allon sunansa.

Ya kamata ku san Alhaji. Mutumin kirki ne, amma in ya yi atishawa sau biyu a jere sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu nasiha. Ya fito daga motarsa mai sanyi kamar firji, da gorar ruwa mai raɓa a hannu, mai unguwa yana biye da shi. Layin ya cika, har kan katanga akwai mutane. Idris ya yi jawabi mai tsawo a kan tamista haƙoransa suna haɗuwa, sannan ya nemi izini ya cusa wayar ta wuyan babbar rigar Alhaji.

Talatin da uku.

Idris ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya ce tunda ya fara aikin nan bai taɓa ganin lamba ta yi ƙasa haka a jikin mai numfashi ba. Gorar ruwan ta suɓuce daga hannun Alhaji. Ya ce da ma tun safe yake jin wani iri, ya nemi wuri ya zauna, ya fara roƙon jama'a gafara, har da ni da ban taɓa yin ko musu da shi ba. Idris ya ce a kawo bargo. Samuel ya ruga ya ɗauko na gidansa, aka naɗe Alhaji a kan babbar riga, Sani ya miƙo kofin shayin da ƙamshin cittarsa kaɗai ya sa mai unguwa tari. Alhaji yana kurɓa yana salati, gumi na kwarara daga ƙarƙashin hularsa. Da Idris ya juya da wayar wajen mai unguwa, sai dattijon ya ja da baya ya ce shi ya fi son ajalinsa ya zo masa ba sanarwa.

A nan ne Malam Habila ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ya ce tambaya ɗaya gare shi: tunda aka haifi na'urar nan, ta taɓa samun lafiyayye kuwa?

Da ma abin da Idris ke jira ke nan. Ya zuge rigar sanyi ta farko, ya zuge ta biyu, ya cusa ƙwayar a hammatarsa, ya ɗaga robar sabulun sama yadda kowa zai gani. Lambar ta hau, ta hau, ta tsaya a talatin da bakwai.

"Gani ya kori ji," in ji Idris. "Duk Gyadi-Gyadi ni kaɗai na rage."

Yana rufe baki jiri ya kwashe shi. Ya yi luuu ya faɗa kan Alhaji, shayi ya kife, benci ya tuntsure da su duka biyun. Alhaji ya zaro hannu daga cikin bargo don ya tallafe shi, tafinsa ya sauka a goshin Idris, sai ya janye da sauri kamar ya taɓa murfin tukunya. Ya sake taɓawa, ya taɓa nasa goshin. Sannan ya ce a shiga kemis a ɗauko masa ma'aunin nan na cikin gilashi.

Aka sa wa Idris, arba'in. Alhaji ya sa wa kansa, talatin da bakwai ba ko ɗigo. Rabi, wadda ta kutso cikin taron da ta ji an ce mijinta ya faɗi, ita ta ba jama'a labarin hammata da sukundireba, ni kuma na ba da shaida. Malam Habila ya rubuta lissafin a iska da yatsa, arba'in a cire talatin da bakwai, ya ce ashe uku-uku Idris ya yi ta yanke mana, ya ƙara da cewa ko a aji ba a taɓa rage masa maki haka yana tsaye yana kallo ba. Dariya ta ɓarke har kan katanga. Jummai ta buɗe kularta a tsakiyar taron, kafin ka ce kwabo ta sayar da shi kakaf, kuma Alhaji ne ya fara shan biyu a jere bayan ya yi wurgi da bargon.

A adaidaitar Samuel aka sa Idris zuwa asibiti, Samuel ɗin ya tuɓe rigar gwanjon ya lulluɓa masa. Na ji tausayinsa ƙwarai da na ga yadda kansa ke lilo a kafaɗar Rabi, domin duk surutunsa bai taɓa nufin kowa da sharri ba. Amma har a lokacin sai da ya leƙo ya ce a shaida, na'urarsa ta nuna akwai bambanci tsakaninsa da sauran mutane.

Da ya warke ya dawo, ramamme, ya tarar an yi wa shagon fenti shuɗi, an jera benci a ciki, butoci uku suna tafasa a bakin ƙofa. Annoba ta wuce, amma bakin mutane ya riga ya saba da shayin citta, har daga Unguwar Gano ake zuwa. Alhaji ya ce shi magana ɗaya ya yi, wanda ya jawo jama'a, kuma jama'a ga inda suke zaune. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Idris ya daɗe a tsaye a bakin titi yana kallon ƙofar ƙarfen nan.

Sani ya fito yana goge hannu, ya yi masa sannu da jiki, ya ce, "Injiniya, bayan Allah kai ka ba ni shagon nan. Ga allon suna an kawo tun jiya, na hana kowa ya taɓa. Na ce sai mai sana'a ya dawo."

Idris ya karɓi guduma da ƙusoshi. Na riƙe masa benci ya hau, ya ɗaga allon da aka rubuta sunan Sani da manyan baƙaƙe, ya kafa shi da hannunsa a saman ƙofar. Da ya sauko muka ja da baya muka duba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan tafin hannu, har hoton butar da ke jiki kamar tana tsiyayar da shayi a kan masu shiga. Sani ya buɗe baki zai yi magana, Idris ya riga shi.

"Allon daidai yake," in ji shi, yana miƙa masa gudumar. "Ginin ne a karkace. Allah ya rufa mini asiri da ban karɓa ba."